Karen da Na Sa wa Suna Ba-Kowa

Ranar Litinin da ta wuce ina tsugune a bakin famfo ina wanke wa karena ƙafafu, saƙon Othniel ya shigo. Hannuna duk kumfa, da haɓa na danna wayar.

"Mama ta ce ranar Asabar za su zo gaisuwa, ita da ƙanen babana. A wane gida za a karɓe su?"

Sau uku na karanta. Da wata ce, da tuni ta tashi da rawa a tsakar gida, amma ban da ni. Kafin na ɗauraye hannu wani saƙon ya biyo baya: "Na ga kin karanta fa, malama." Na kife wayar a kan bokiti na ci gaba da wanke ƙafar da na riga na wanke.

Ga sababbin masu bibiyata, sunana Ketura, shekarata ashirin da biyu, ɗinki nake yi a ɗakin haya a Bolori. Othniel malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo ne siriri, kullum da alli a gefen wandonsa, kuma shekara guda ke nan yana kawo mini rigunan da babu abin da ya same su wai in gyara masa. Ina son sa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Matsalar ita ce gidan da yake tambaya, don ni gida ɗaya na sani a duniya, kuma shekara uku ke nan ina jin nauyin taka ƙofarsa.

A tashar mota aka tsince ni a shekarar da gari ya fara rikicewa, ina da shekara biyar. Abin da na iya faɗa kawai shi ne sunana Ketura, sunan babana kuma Baba. Daga nan aka kai ni Galtimari wurin Mama Rose, tsohuwar malamar firamare da ta mayar da gidan mijinta marigayi wurin riƙon yaran da ba a ga nasu ba. Mu ashirin da shida ne a lokacina, Kirista da Musulmi, kowa da tabarmar ibadarsa.

Har yau idan na ji ƙamshin kunun gyaɗa sai na tuna safiyar Lahadi a gidan nan. Wani tsohon ƙarfen taya ne rataye a jikin darbejiya, shi ake bugawa a tashe mu. Ranar Asabar layin kitso muke yi, babba ta kama kan ƙarama, ƙarama ta kama na wadda ba ta kai ta ba, Mama na zaune a kujerar roba tana tsintar wake tana gyara mana tsaga da baki. Idan ƙafarka ta yi kaushi ita da kanta za ta kama ta ta mulke da man kaɗanya, tana faɗa tana shafawa. Faɗanta ma daɗi gare shi. Ni ce mai wanke mata zanen zumuntar matan coci, kuma ban yarda kowa ya goge mata shi ba sai ni.

Amma gidan yana da doka: ranar da ka cika sha takwas za ka fita, saboda akwai ƙaramin da ke jiran gadonka. Na san dokar tun ina yarinya, na raka mutum goma sha zuwa bakin ƙofa ina ɗaga musu hannu. Sai dai a can ƙasan raina na ɗauka ni ba za a yi mini ba. Aka yi mini. Katifa, risho, tukwane biyu, keken ɗinki na ƙafa, da addu'a mai tsawo. Mama ta kama mini ɗaki a Bolori, ta rataya mini labule da hannunta, ta hau keke napep ta tafi ba ta waiwayo ba. Yanzu na san kuka take ɓoyewa, amma a ranar haushi na ji.

Ba wanda ya gaya mini cewa shiru yana da nauyi. Wadda ta saba cin abinci da hannu goma a tire ɗaya, sai ga ta da cokali ita kaɗai. Na kan dafa taliya ta huce ban taɓa ba. Akwai ranakun da rana za ta take ban buɗe ƙofa ba. A sati na uku na je yin rajista a ƙungiyar teloli, sakataren yana cike takarda ya ɗago ya tambaye ni wa za su kira idan wani abu ya same ni. Lambar Mama tana kaina kamar sunana. Amma na buɗe baki na ce, "Ba kowa."

A hanyar dawowa na biya ta Kasuwar Shanu sayen ƙashin miya. Mahaucin da nake saye a wurinsa, Malam Ya'akubu, yana ta mita wai wata karya ta haihu a bayan rumfarsa, 'ya'yan duk an kwashe saura ɗaya da ba mai so saboda kunnensa guda a karye yake. Na leƙa. Ja ne, cikinsa ya fi kansa girma, yana rawar jiki a cikin tsohon buhu. Na ce a ba ni. Malam Ya'akubu ya yi dariya ya ƙara mini da guntun huhu, ya ce in shanya ya bushe, babu abin da kare ba zai yi ba a kan busasshen huhu.

Kun san yadda wasu tsofaffinmu suke sa wa kare sunan habaici. Maƙwabciyarmu a Galtimari nata sunansa Ku-Faɗa, duk safiya sai ta tsaya a ƙofa ta kwaɗa masa kira don matan layin su ji. To ni ma da zuciyata a wuya na sa wa nawa Ba-Kowa. Kada ku tambaye ni da wa nake, kun riga kun sani.

Yadda aikinsa ya fara, ba dabarata ba ce. Wata rana da azahar allura ta karye mini a tsakiyar ɗinkin mutane, abin da bai kai ya kawo ba, sai kawai na zauna a ƙasa na fashe da kuka. Ina kuka ina surutu ni kaɗai, ba kowa, ba kowa, ba ni da kowa. Sai na ji wani abu mai ɗumi ya faɗo a kan ƙafata. Shi a ganinsa kiransa nake yi. Ya ɗora haɓarsa a kan yatsuna ya zuba mini ido, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, har na rasa kuka zan ci gaba da yi ko dariya.

Daga ranar na ɗauki abin da gaske. Da bidiyon waya na koya, da kuskure mai yawa. Na yanka busasshen huhu ƙanana na cika aljihun siket. In zauna in yi kamar ina kuka, in faɗi sunan a hankali, idan ya zo ya kwanta a ƙafata in ba shi. Idan ya yi tsalle ya hau jikina in juya masa baya. Wata biyu muka yi a kan lasa kawai, don na san gidan haya nake, maƙwabtana masu alwala ne, kare mai lasar mutane ba zai yi kwana uku a nan ba. Na koya masa kada ya kusanci buta, kada ya taka tabarmar kowa, kada ya yi haushi idan ana kiran salla. Na koya masa ya ja bargo da safe, ya ɗauko igiyarsa a baki ya tsaya a ƙofa har sai an fita da shi. Wannan na ƙarshen shi ya fitar da ni daga ɗaki. Masu keke napep kuwa sai biyar sun wuce ni kafin ɗaya ya yarda ya kai mu wurin likitan dabbobi a yi masa allura.

A wata na bakwai Mama Rose ta zo. Sau ɗaya ke nan ta taɓa zuwa bayan ranar labule. Tana sanye da zanen zumunta, ba a goge shi yadda nake goge mata ba, hannu ɗaya da kular tuwon dawa da miyar yakuwa, ɗayan ta matse jakarta a ƙirji. Fuskarta a sake, har da haki, kamar wadda ta yi sauri. Na yi murnar da ban yi zato ba. Ina shimfiɗa mata tabarma karen ya nufi kular, ni kuma ba tare da tunani ba na daka masa tsawa da sunansa.

Mama ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Me kika kira shi?"

Na faɗa, murya ƙasa-ƙasa.

"Sake faɗa in ji."

Na sake. Ta daɗe tana kallon karen, sannan ta kalle ni. Mace ce da ta san habaici tun kafin a haife ni, ba ta buƙatar fassara. Ta ajiye kular, ta mayar da takalminta, ta ce dama wucewa take yi. Ko ruwa ba ta sha ba. Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma ta waya, lafiya lau, lafiya lau, sai anjima. Da Kirsimeti na kan aika mata da atamfa ɗinkakkiya, ta aiko a ce an gode.

Amma ƙannena na gidan ba su bar ni ba. Duk wadda ta cika sha takwas, kafin sati ya zagayo za ta nemo lambata. Haka na fara ba da aron Ba-Kowa. Sati biyu na farko yake yi a ɗakin yarinya, da kwanonsa da igiyarsa da ledar huhunsa, ni kuma kullum da yamma in leƙa. Ba na gaya musu sirrin sunan. Ba sai na gaya musu ba, don duk wadda ta fita daga gidan nan, ko ba daɗe ko ba jima, da bakinta za ta faɗi kalmar.

Mutum biyar ya raka zuwa yanzu. Ta ƙarshensu Yagana ce, wadda ni na koya mata ɗaurin ɗankwali tana 'yar shekara bakwai. Ranar da na kai mata shi ta naɗe laffayarta ta haye kan katifa, ta ce wallahi ita da kare sai dai daga nesa. Na ce to ya kwanta a bakin ƙofa, ba zai taɓa butarta ba, ba zai lashe ta ba, idan ya yi ta kira ni in zo in ɗauke shi. Kwana huɗu ba ta kira ni ba. A na biyar ta turo mini hoto: ƙafarta da jan lalle, da haɓar kare a kai. A ƙasa ta rubuta, "Anti, wa ya gaya masa?" Yanzu Yagana tana sayar da turaren wuta, duk lokacin da na bar mata shi ita ke tashi da sassafe ta zaga da shi layi biyu, yara na bin su a baya.

To a cikin wannan hali mahaifiyar Othniel ta kawo mini ziyarar ba-zata, sati biyu da suka wuce. Mace ce mai jiki, ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya, irin matan da ke duba bayan tukunya kafin su duba fuskarka. Allah ya taimake ni na yi shara. Ta zauna a kujerar ɗinkina, Othniel na tsaye a bakin ƙofa yana murza makulli. Ta kalli labule, ta kalli risho, ta tambaye ni ni da wa nake zaune a nan.

Na ce, "Ba kowa, Mama."

Sai ga mutumina ya fito daga ƙarƙashin keken ɗinki, ya yi miƙa, ya tako a natse ya ɗora kai a ƙafata. Othniel ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Da ya yi mata bayani ta saurara har ƙarshe, ta ce aikin kirki ne, kuma ita ba ta da matsala da marainiya, ita ma a hannun gwaggonta ta tashi. Amma a danginsu ba a ɗaukar mace daga ɗakin haya kamar an zo karɓar ɗinki. Dole a sami gida, a sami babba da zai zauna a gaishe shi, ya ce na ji, na bayar. Idan babu, ita ba za ta taso ƙanen mijinta daga Biu ya zo ya gaida keken ɗinki ba.

Shi ya sa na kife waya da saƙon Othniel ya shigo ranar Litinin. Sai da yamma na ba shi amsa: "Ba ni zuwa Laraba." Ya turo, "Ko in raka ki?" Na ce a'a. Ya turo hoton hannu biyu a haɗe, ya ƙara da cewa in ci abinci.

Ranar Laraba na sa doguwar rigata ruwan ƙasa mai ƙananan furanni, na ɗaura ɗankwali irin ɗaurin da Mama ke so, wanda ke rufe kunne. Na kai Ba-Kowa wurin Yagana, na hau keke zuwa Galtimari. An sake fentin ƙofar gidan, amma ƙarar da take yi idan an tura tana nan. Yaran da ke tsakar gida rabinsu ban san su ba. Wata ƙarama ta tambaye ni wa nake nema, a gidan da na yi shekara goma sha uku.

Mama tana ɗakinta, ƙafa ɗaya a kan matashi. Ta rame, gashinta ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi aiki, ta tambayi Yagana. Na tattara ƙarfin halina na faɗa mata komai: Othniel, mahaifiyarsa, ranar Asabar. Na ce na san na yi mata laifi, ƙuruciya ce da haushi. Na ce idan sunan ne, zan canja masa. Ina faɗa ina jin zafin abin, don na san idan na canja sunan na rushe aikin shekara huɗu, kuma akwai yarinya biyu da za su fita kafin ƙarshen shekara.

"Kada ki canja," in ji Mama. "Yaran suna zuwa suna ba ni labari. Abin da karen nan yake yi musu, ni ban iya yi muku shi ba."

Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Har na fara lissafin kujeru nawa za a fitar ƙarƙashin darbejiya.

"Amma ba zan zauna ranar Asabar ba, Ketura."

Na ɗago na kalle ta. Ba fushi a fuskarta. Abin da na gani ban taɓa ganinsa a wurin Mama ba, kunya ce.

Ta ce in miƙo mata Littafi Mai Tsarki daga kan taga. Ta buɗe wajen tsakiya ta zaro wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta, ta yi laushi saboda ninki. Ta riƙe ta ba ta ba ni ba tukuna. Ta ce ranar da ta zo Bolori ba wucewa take yi ba. Ana gobe za ta zo, wani dattijo ya zo gidan nan, ya dawo daga gudun hijira a Kamaru, yana bin gidajen riƙo ɗaya bayan ɗaya yana neman 'yar ɗan'uwansa da ta ɓata a tasha, mai suna Ketura, mai tabon ƙuna a bayan kunnen hagu. Sunansa Jonathan. Ta ce masa ya ba ta kwana biyu ta shirya ni, kada abin ya zo mini a sama. Ya rubuta lambarsa ya koma ƙauye yana jiran kira.

Hannuna ya tafi bayan kunnena da kansa, ƙarƙashin ɗankwalin.

"Da gudu na zo miki da ita a jaka," ta ce. "Da na ji sunan nan sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce tunda ba kowa, bari ta kwana ɗaya da ba kowan, gobe na faɗa mata. Gobe ta yi na ce jibi. Da aka yi wata guda kuma sai na rasa da wane baki zan faɗa. Kullum ina buɗe littafin nan ina ganinta."

Shekara uku. Na so in yi ihu, na so in tambaye ta yadda ta iya yin barci, na so kuma in kwantar da kaina a cinyarta kamar da. Ban yi ko ɗaya ba. Ni na yi habaicin, ita ta rama, kuma wani tsoho a wani ƙauye shi ya biya mana.

"Shi ya kamata ya zauna, ba ni ba," ta ce, tana miƙo mini takardar. "Idan yana nan."

Rubutun da biro ne shuɗi, lambobin manya-manya, an danne su sosai har sun fito ta baya. Wayata ta yi ƙara a cinyata, Othniel ne: "Yaya? Ta yarda?" Na share saƙon gefe na fara danna lambobin. Sau biyu ina kuskure ina sakewa. Mama ta rufe ido, leɓɓanta na motsi.

Na ɗauka za a ce layin ba ya aiki. Sai na ji ta shiga. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Aka ɗauka. Akwai kukan awaki a bayansa, da iska. Muryar tsoho ce, a shaƙe, ya yi magana gajeriya.

Ba da Hausa ya yi ta ba, ba Kanuri ba, ba Turanci ba. Yare ne da zan rantse muku ban sani ba, shekara goma sha bakwai ban ji shi a kunnena ba. Amma na gane abin da ya ce sarai.

Cewa ya yi, "Waye?"